ABINCIN GONA MAI RAGE KUMBURI GA MASU CIWON FATA NA SORIYASIS

Gabatarwa

Duk ranar Laraba, Kasuwar Oil Mill da ke Rumukwurushi, a kan hanyar Fatakwal zuwa Aba, takan cika ta batse. Kayan abinci da yawa da ake sayarwa a wannan kasuwa da takwarorinta, kamar Kasuwar Ose ta Anacha da Kasuwar Gariki ta Inugu, daga gonakin arewa suke fitowa: albasa, wake, gero, dawa, gyaɗa, citta, zoɓo, tumatir da tattasai. Sai dai ɗan'uwanmu da ke zaune a can yana sayar da waɗannan kaya ba kasafai yake cin su ba. Da safe shayi da burodi, da rana taliyar leda da ƙwai da lemon kwalba, da dare tsire ko soyayyar doya. Idan mai irin wannan ci yana fama da ciwon fata da likitoci ke kira soriyasis, to abincinsa yana ƙara wa ciwon ƙarfi, alhali abin da zai taimake shi yana jibge a gabansa cikin buhuna.

An shirya wannan jagora ne domin malaman gona da manoma, da iyalansu mazauna unguwannin Hausawa a kudu. Ni ba likita ba ce, fannina binciken amfanin gona ne. Saboda haka abin da zan bayyana maka shi ne amfanin gonar da ya dace mai wannan ciwo ya ci, da yadda za a adana shi, da yadda za a dafa shi. Abinci ba ya warkar da soriyasis, kuma ba ya maye gurbin maganin asibiti. Amfaninsa shi ne rage ƙarfin ciwon da kare zuciya da hanta.

Mene ne soriyasis?

A jikin mai lafiya, fata takan sabunta kanta cikin kimanin kwana 28 zuwa 30. A jikin mai soriyasis kuwa, garkuwar jiki kan ruɗe ta tayar da kumburi, sai fata ta riƙa fitar da sababbin ƙwayoyin halitta cikin kwana 3 zuwa 5. Waɗannan su ne ke taruwa su yi faci mai kauri, mai farin ɓawo da ke zuba kamar dusa. A baƙar fata facin yakan yi duhu ko launin toka. Ya fi fitowa a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, fatar kai, ƙugu da farce. Yakan yi ƙaiƙayi, ya tsage, wani lokaci har da jini. Yana lafawa, yana tashi. Kusan mutum 1 cikin 3 masu ciwon kan iya samun kumburin gaɓoɓi, kuma masu shi sun fi sauran mutane haɗarin ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya.

Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2014 ya amince cewa soriyasis ciwo ne mai tsanani wanda ba a ɗaukarsa daga wani. Rahoton da hukumar ta fitar a 2016 ya ce aƙalla mutum miliyan 100 ke fama da shi a duniya. An kuma keɓe ranar 29 ga watan Oktoba domin wayar da kai a kansa.

Malamin gona, ka riƙe wannan batu da kyau, domin a nan ake yawan cutar da mutane. Jama'a kan ɗauki ciwon a matsayin kuturta ko makero ko ƙazuwa. Mai sayar da tumatir da ɓawo ya fito masa a hannu sai masu saye su guje shi, budurwa kuma aurenta ya lalace. Soriyasis ba ya yaɗuwa ta musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko taɓa kayan miya. Ana iya gadon yiwuwar kamuwa da shi daga iyaye.

Abubuwan da ke tayar da ciwon

1. Bushewar fata, musamman lokacin hunturu.
2. Rauni a fata: ƙaya, yankan lauje, ƙaiƙayin gero da dawa lokacin sussuka, da yawan susa. Sabon faci yakan fito daidai inda aka ji rauni.
3. Damuwa da rashin barci.
4. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi, musamman ga yara da matasa.
5. Taba sigari da giya.
6. Ƙiba, musamman tumbi.
7. Wasu magunguna, kamar kulorokwin da wasu magungunan hawan jini, da kuma daina shan ƙwayar sitiroyid farat ɗaya.

Abin da bincike ya tabbatar game da abinci

Na farko, rage ƙiba. Kitsen da ke taruwa a ciki yana fitar da sinadaran da ke ƙara kumburi. A wani bincike da aka yi a ƙasar Italiya, aka wallafa a 2014, an raba masu soriyasis 303 masu ƙiba gida biyu. Waɗanda aka ɗora a kan tsarin rage abinci da motsa jiki na mako 20, tsananin ciwonsu ya ragu da kashi 48 cikin 100, sauran kuwa da kimanin kashi 25 cikin 100. A 2018 likitocin gidauniyar soriyasis ta Amurka sun duba binciken da aka yi a kan abinci, suka ga shawarar da ta fi ƙarfin hujja ita ce mai ƙiba ya rage nauyi. A auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya. Idan ya wuce santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, lokacin gyara ya yi.

Na biyu, irin cimar mutanen gaɓar Tekun Bahar Rum, wato hatsi da ba a cire masa dusa ba, dangin wake, ganye, 'ya'yan itace, kifi da man zaitun, tare da ƙarancin jan nama da sukari. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Madrid ta ƙasar Sifen, aka wallafa a 2025, kusan rabin waɗanda suka bi wannan tsari na mako 16 sun sami sauƙi sosai. Ba lallai ne sai mun sayi man zaitun mai tsada ba. Gero, wake, zogale, riɗi da kifi suna kan wannan tsari.

Na uku, alkama. Tana ɗauke da sinadarin gulutin, wanda ke damun wasu mutane ƙalilan. Barin alkama yana amfanar wanda gwajin asibiti ya nuna jikinsa ba ya karɓar gulutin ne kawai. Gero, dawa, acca, masara da shinkafa ba su da wannan sinadari.

Na huɗu, akwai masu cewa a bar tumatir da gauta da barkono da dankalin Turawa. Bincike bai tabbatar da haka ba. Wanda yake zargin wani abinci yana tayar masa da ciwo, ya bar shi kaɗai na mako 4, ya lura da fatarsa, sannan ya koma ci ya gani. Kada a bar abinci da yawa lokaci guda, domin hakan kan jawo rama da rashin ƙarfi.

Abincin da ya kamata a yawaita

Hatsi: gero, dawa, acca da masara. A rage surfe. Dusar da ake zuba wa akuya ita ce ke ɗauke da mafi yawan harza da bitamin na hatsin. Harza tana ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji, kuma tana hana sukari hauhawa a jini.

Dangin wake: wake, gurjiya da waken suya. A ci aƙalla sau 4 a mako.

Ganye: zogale, alayyafo, rama, yakuwa, lalo, kuka da kuɓewa. Mazauna kudu su haɗa da ganyen ugu da shuwaka, waɗanda ake samu ɗanyu kusan duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a kullum.

'Ya'yan itace: gwanda, gwaiba, lemo, mangwaro, kankana, abarba da fiya.

Kifi mai maiƙo: titus, sadin da shawa suna ɗauke da mai na omega-3 wanda ke rage kumburi. A ci sau 2 a mako. A nan mazauna Fatakwal sun fi mu sa'a, domin suna kusa da teku.

Kayan ƙamshi: citta, tafarnuwa, albasa, kanumfari, kurkum da daddawa. Amfaninsu babba shi ne suna ba miya ɗanɗano har a rage gishiri da dunƙulen magi. A yi amfani da su a girki kamar yadda aka saba. Kada a ɗauke su magani ana sha da cokali.

Mai: man gyaɗa, man riɗi da man waken suya. Manja yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma a sa kaɗan, kada kuma a ƙona shi har ya yi fari.

Abincin da ya kamata a rage

Lemon kwalba da shayi mai yawan sukari. Iyakar sukarin da aka yarda babban mutum ya sha a yini bai wuce giram 50 ba, wato kimanin ƙaramin cokali 12. Babbar kwalbar lemo ɗaya kan iya cinye wannan adadi gaba ɗaya. Haka nan a rage farin burodi, fanke, cincin, biskit, taliyar leda, da duk abin da aka soya a man da aka maimaita har ya yi baƙi. Tsire da balangu da kilishi a mayar da su sau 1 ko 2 a mako, a kuma cire kitse. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali 1, har da wanda ke cikin magi. Taba da giya kuwa a bar su baki ɗaya.

Yadda za a rarraba kwano

A raba kwanon abinci gida 4. Gida 2 ganye da kayan lambu, gida 1 tuwo ko dambu ko fate, gida 1 wake ko kifi ko ƙwai. Malmalar tuwo kada ta wuce girman dunƙulen hannun mai ci.

Hanyoyin girki

1. Kunun gero da citta

Kayan haɗi: gero gwangwanin madara 2, citta yanki 1, kanumfari ƙwaya 5, tsamiya, dabino 3.

A wanke geron a rege shi, kada a surfa. A jiƙa shi ya kwana. A markaɗa da citta da kanumfari da dabinon da aka cire wa ƙwallo. A tace da rariya mai manyan idanu domin wani ɓangare na dusar ya wuce. A dama da tafasasshen ruwan tsamiya. Zaƙin dabinon ya wadatar, ba sai an ƙara sukari ba. A sha da alala maimakon ƙosai.

2. Alala da kifi

Kayan haɗi: wake gwangwani 3, albasa 2, tattasai 3, attaruhu 1, kifi titus 1, man gyaɗa babban cokali 3, daddawa, gishiri kaɗan.

A jiƙa waken, a markaɗa da albasa da tattasai da attaruhu. Idan injin yana da kaifi ana iya barin ɓawon waken. A dafa kifin, a cire ƙaya, a marmasa a cikin ƙullun. A zuba mai da daddawa. A ƙulla a ganyen ayaba ko a zuba a gwangwani, a turara na minti 45. A guji dafawa a cikin leda.

3. Kwaɗon zogale

Kayan haɗi: ɗanyen zogale kwano 1, ƙuli-ƙuli, riɗi soyayye babban cokali 2, tumatir 2, albasa 1, lemon tsami rabi.

A tsince zogalen a wanke. A dafa da ruwa kaɗan har ya yi laushi, kada a sa kanwa, domin kanwa tana lalata wasu bitamin. A tsane. A daka ƙuli-ƙuli da riɗi, a dama da ɗan ruwa, a haɗa da zogalen. A yanka tumatir da albasa a kai, a matsa lemon tsami. Lemon tsamin yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin ganyen.

4. Faten acca da wake

Kayan haɗi: acca gwangwani 2, wake gwangwani 1, alayyafo ko ugu ɗauri 2, yakuwa kaɗan, tumatir 4, albasa 1, tafarnuwa, busasshen kifi, manja babban cokali 2.

A wanke accar sau da yawa a rege ta, saboda yashi. A dafa waken da aka jiƙa tun dare har ya yi laushi. A zuba jajjagen kayan miya da kifi da manja. Idan sun nuna a zuba acca ana juyawa, minti 10 ya ishe ta. A sa ganye a ƙarshe, a rufe na minti 3, a sauke.

5. Tuwon dawa da miyar kuɓewa

A tuƙa tuwon da garin dawar da aka yi wa surfe kaɗan. A miya a haɗa ɗanyar kuɓewa, daddawa, citta, albasa da kifi. A sa kuɓewar a ƙarshe domin kada ta dahu ta wuce misali. Ana iya musanya ta da kuka ko lalo. Miya ta fi tuwo yawa a kwanon.

6. Farfesun kifi

A tafasa ruwa da albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kimba da ɗan kurkum. A sa kifin ya dahu na minti 15, a yanka ganyen ɗoɗɗoya a kai. A ci da dafaffen dankali mai jan ciki ko ɗanyar ayaba dafaffiya.

7. Zoɓo marar sukari

A wanke zoɓo, a tafasa da citta da kanumfari. A tace, a markaɗa abarba ko kankana a zuba. Zoɓo yana sauke jini, saboda haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tuntuɓi likita kafin su yawaita sha.

Adana amfanin gona yadda ba zai cutar ba

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar manomi da ɗan kasuwa. Ruwan sama a Fatakwal yana wuce milimita 2,000 a shekara, iskar garin kuma cike take da laima. Masara da gyaɗa da busasshen barkono da suka baro arewa lafiya, idan suka zauna a shago mai danshi sai su yi fumfuna. Fumfunar tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Mai soriyasis yana da dalili na musamman na kiyaye hantarsa, domin ɗaya daga manyan magungunan ciwon, wato metotirekset, yana iya cutar da hanta.

1. A busar da hatsi a kan tamfol ko daɓe, kada a shanya a ƙasa ko a gefen titi. Laimar hatsi kada ta wuce kashi 13 cikin 100, ta gyaɗa kuma kashi 8.
2. A gwada bushewa da kwalba: a zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bari ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba.
3. A tsince ƙwayoyin da suka canja launi ko suka fashe. Kada a yi ƙuli-ƙuli da su, kada a ba dabbobi.
4. Manomin masara da gyaɗa zai iya watsa Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, kilo 10 a kadada, mako 2 zuwa 3 kafin amfanin ya yi fure.
5. A adana wake a buhun PICS mai ruɓi 3, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Kada a zuba wa wake Sniper ko wani maganin feshi. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015.
6. A ɗora buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango.
7. Zogale da kuka da sauran ganye a busar da su a inuwa, domin rana tana kashe launinsu da bitamin ɗinsu.
8. Bayan feshi a lambu, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani kafin a tsinki ganye ko tumatir.

Wanda ba shi da fili a birni zai iya shuka alayyafo a tsohon buhu da aka cika da ƙasa da takin gargajiya, ya fara tsinka bayan mako 3 zuwa 4. Zogale kuwa a datse kansa idan ya kai tsawon mita 1 domin ya yi rassa da yawa.

Kula da fata a gona da kasuwa

A shafa man kaɗanya ko basilin nan take bayan wanka, tun jiki bai gama bushewa ba. A yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar kaifi, a bar dirzar facin da soso ko dutse. A sa safar hannu da riga mai dogon hannu lokacin zuba taki, feshi, sussuka da ɗaukar buhuna. Hantsin safe yana taimaka wa fatar, amma a guji ƙunar rana.

A yi hattara da mayukan kanti masu haɗin magani uku da na bilicin. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. Sukan kwantar da facin na ɗan lokaci, sannan su sirantar da fata, ciwon kuma ya dawo fiye da da. Kada a shafa man birki, kalanzir, toka ko ruwan batir.

Lokacin zuwa asibiti

Duk wanda ya ga faci mai ɓawo da ya wuce wata 1 bai warke ba, ya je a duba shi, domin makero da kuturta da wasu cututtukan suna kama da soriyasis, kuma maganinsu daban ne. A gaggauta zuwa idan gaɓoɓi sun kumbura ko suna sandarewa da safe, idan ciwon ya mamaye jiki, ko ƙuraje masu ruwa sun fito tare da zazzaɓi. Ana ganin likitocin fata a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Fatakwal, da na Jami'ar Nijeriya da ke Ituku-Ozalla kusa da Inugu, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano. Mace mai juna biyu ko mai niyyar ɗaukar ciki ta sanar da likita tun farko, domin metotirekset yana cutar da ɗan tayi.

Kammalawa

Malamin gona, idan ka je taron manoma ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, ka isar da abubuwa 4. Soriyasis ba ya yaɗuwa, don haka kada a ƙyamaci mai shi. Mai ƙiba ya rage nauyi a hankali, kamar rabin kilo a mako, tare da tafiyar ƙafa ta minti 30 a kullum. A koma ga gero da dawa da wake da ganye da kifi, a rage sukari da soye-soye. A busar da amfanin gona da kyau, a adana shi ba tare da guba ba.

Ɗan'uwa manomi, idan za ka aika kaya kudu, ka ware mudu kaɗan na gero da wake da busasshen zogale domin tukunyar ɗanka ko ƙaninka da ke can. Mai ciwon kuma ya yi haƙuri, domin sauyin abinci yakan ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin a ga alamarsa a fata, kuma sannu ba ta hana zuwa. Ya ci gaba da shan maganin da likita ya ba shi, ya riƙa komawa asibiti a ranakun da aka sa masa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.